Yawon keke a tuddan gonakin inabi na Faransa: shiri tun daga Legas

Mutumin da ya saba tuƙa keke daga Agege zuwa Ikeja, ko yake zagaya Ikoyi da safiyar Lahadi, zai iya cin kilomita 60 bai ji a jikinsa ba. Wannan ne ke yaudarar mutane in sun je Faransa. Legas shimfiɗe take a bakin teku, ƙafa ba ta san hawa ba, hannu kuma bai san gangara ba. A yankin inabi kuwa gonakin a jikin tudu ake dasa su, don rana ta same su ruwa kuma ya tsiyaye. Saboda haka in kana tsara tafiya, kada ka tsaya kan tambayar kilomita nawa ne. Tambayi mita nawa za ka hau.

Ga mai farawa, Burgundi da ke gabashin Faransa ta fi dacewa, wadda za ka ga an rubuta Bourgogne a allunan hanya. Daga Legas akwai jirgi kai tsaye zuwa Paris, daga tashar Gare de Lyon jirgin ƙasa mai gudu yana kai ka Dijon cikin ƙasa da awa biyu, daga nan ƙaramin jirgin TER ya sauke ka Beaune, garin da ake furtawa "Bon". Hanyar keke da ake kira Voie des Vignes ta tashi daga Beaune zuwa Santenay, kilomita 22 ko sama kaɗan, ta ratsa Pommard, Volnay, Meursault da Puligny-Montrachet. Siririyar kwalta ce tsakanin katangun dutse da layukan inabi, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. Hawanta gajeru ne, a nan za ka gwada ƙafarka ranar farko. Ainihin aikin yana yamma da ita, in ka karkata zuwa Saint-Romain, Orches da La Rochepot, inda hanya ke miƙewa sama kilomita da kilomita ba hutu. Lissafin da za ka riƙe: matsakaicin matuƙi mai ɗauke da kaya yana cin minti 10 zuwa 15 a kan kowace mita 100 ta hawa. Ranar da ke da kilomita 45 da hawan mita 600 cikakkiyar rana ce, kada ka ƙara mata komai.

Giyar keke ita ce komai a nan, kuma a kanta ya kamata ka fi yi wa mai ba da haya tambaya. Ka ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba da na babban farantin baya. In gaba 34 ne baya ma 34, zagaye ɗaya na feda yana juya taya sau ɗaya, wajen mita 2.1 ke nan, wanda ke ba ka kusan kilomita 9 a awa in kana juya ƙafa sau 70 a minti. Wannan ya isa ga wanda ba shi da kaya. In kana ɗauke da jakunkuna masu kilo 10 zuwa 12, nemi gaba 26 ko 28 da baya 34, don ka iya hawa a hankali ƙafarka na ci gaba da juyawa. Allon da ya ce 8% yana nufin hanya na tashi mita 8 a cikin kowace mita 100, kuma da giya mai nauyi a irin wannan wuri gwiwa ce ke biyan kuɗin, ciwon kan fara a gaban ƙoƙon gwiwa a rana ta biyu. Ka sauya giya tun kana gindin tudu, ƙafa ba ta danne feda ba. Wanda ya bari sai keke ya kusa tsayawa sannan ya sauya da ƙarfi, shi kaca ke zame wa ko ta tsinke. Ka zauna a sirdi, ka riƙe saurin da za ka iya yin magana a kansa, tsayuwa kan feda kuwa a bar ta don 'yan mitocin da suka fi tsauri. Sirdin ya kasance a tsayin da in diddigenka na kan feda a can ƙasa ƙafar ta miƙe sosai. Dattijo ko wanda gwiwa ke damu ya ɗauki keke mai batir kawai, masu haya a Beaune suna da shi.

Gangara ta fi hawa haɗari, kuma ga abin da ya shafe mu musamman. Duk wanda ya taɓa tuƙa babur a Legas hannunsa ya haddace cewa birkin gaba na dama ne. A kekunan Faransa birkin gaba na hagu ne, na dama na baya. Kafin ka bar shagon haya ka tura keken da hannu, ka matsa kowane birki daban ka ga tayar da ta tsaya. A kan gangara ka ja jikinka baya, ka matsa birki biyu tare, ka saki, ka sake matsawa. Jan birki ba saki na minti biyar yana ɗumama ƙarfen taya ko faifan birki har kamun ya ragu, kana matsawa keke na tafiya. Rage gudu kafin kwana, kada ka taɓa birkin gaba da ƙarfi a tsakiyarta, domin ruwan sama kan kwaso tsakuwa daga gona ya zuba daidai lanƙwasar hanya. A watan Satumba lokacin girbi ne, taraktoci na fitowa daga tsakanin layuka da taɓo a tayoyinsu. Mayu da Yuni sun fi kwanciyar hankali.

Horo kuma tun daga gida, aƙalla mako takwas. Tunda cikin gari ba tudu, a nufi wajen Ikorodu ko Epe da sassafe, a sami hawa guda a maimaita shi sau shida zuwa takwas, da jakunkuna cike da robobin ruwa. Wanda ya samu dama ya je Abeokuta ko Ibadan ya kwana biyu yana hawa da sauka, ya fi wata guda a shimfiɗe. A guji manyan titunan tirela.

Tuƙi a hannun dama ne kamar namu. Sai dai a mahaɗar da ba alama, wanda ya fito daga damarka shi ke da hanya, ko da lungu ne. Haramun ne sa abin sauraro a kunne kana tuƙi, dole keke ya kasance da ƙararrawa, da dare kuma sai da fitila, a wajen gari har da riga mai ƙyalli. Hular kwano dole ce ga yara 'yan ƙasa da shekara 12, amma kai ma ka sa. Lambar gaggawa 112. Bizar Shengen tana buƙatar inshorar lafiya da za ta iya biyan kuɗin magani na aƙalla Yuro 30,000. A jaka ka riƙe tub biyu, kayan faci, famfo, maɓallin haɗa kaca da rigar ruwa marar nauyi, domin gumin hawa kan koma sanyi mai shiga ƙashi a gangara.

Batun ci da sha yana son kula, don yanki ne da barasa ke shiga har tukunya. Boeuf bourguignon da coq au vin da ita ake dafa su, jambon da lardons kuma naman alade ne, lardons ɗin ma 'yan ƙanana ne da ke ɓuya cikin salak da ƙwai. Ka haddace "sans porc, sans alcool", wato ba alade, ba barasa. Jus de raisin ruwan inabi ne zalla marar sa maye. Dijon na da masallatai da mahautan halal, a nan za ka yi guzuri, ka haɗa da dabino da gyaɗa. Shagunan ƙauye kan rufe daga sha biyu zuwa biyu, da yammacin Lahadi, wasu har Litinin, don haka sayi burodi da cuku tun da safe. Gora biyu ta ruwa ta zama dole. Maƙabartun ƙauye galibi suna da famfo a bakin ƙofa, amma in ka ga "eau non potable" kada ka sha. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, saɓanin arewa maso gabas da muka saba a Legas, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, saboda haka ka saukar da jadawalin sallar Dijon a wayarka kafin ka tashi.