Yadda na gyara sarƙewar inji bayan canza arbarakam

Arbarakam ɗin da na sa wa tsohuwar Peugeot 504 ya fi na asali tura supaf ƙasa. Arbarakam shi ne sandar da ke juyawa tana buɗe supaf, wato marufan da ke barin mai da iska su shiga, hayaƙi ya fita. Cikin gari lafiya lau, amma in na hau hanyar Mirriya na taka, sai inji ya sarƙe, ƙarfi ya yanke. Risor, wato naɗaɗɗun ƙarafan da ke mayar da supaf ya rufe, su ne suka gaji, ga zafin Damagaram, ba sa rufe supaf kan lokaci.

Na sauke kilas, wato kan inji, na sa sababbin risor masu ɗan ƙarfi. Wurin awo na fi daɗewa: in supaf ya buɗe iyakarsa, a bar kamar milimita 1.5 kafin zobban risor su haɗe, in ba haka ba wani abu zai karye. Risor biyu sai da na cire musu rondel, wato ɗan zoben ƙarfe na ƙasansu, don a samu wannan tazara. Masu tauri sosai kuwa na ƙi su, cinye arbarakam suke yi.