Ziyartar Kogi Mai Ƙafewa da Rani: Shiri, Tuƙi, Zango da Kallon Namun Daji

Kogin da ke gudu wata uku ko huɗu a shekara, sauran watannin ya koma shimfiɗar yashi, bai mutu ba. Ruwan yana nan a ƙarƙashi, wani wurin ko rabin mita bai kai ba, kuma babu dabbar dajin da ba ta san haka ba. Shi ya sa za ka ga gaɓarsa kore shar da ɓaure, tsamiya, kanya da gawo, alhali ciyawar tudu ta bushe ƙayau.

Ka je a watannin ƙarshe na rani, lokacin da kududdufan daji suka ƙafe, dabbobi suka tattaru a 'yan guraben da suka rage. A dazuzzukan arewacin Ikwaita wannan yakan faɗo wajen Fabrairu zuwa Afrilu, a kudancin Afirka kuwa Satumba da Oktoba. Zafi ne farashinsa. Da zarar ruwan farko ya sauka dabbobi sun watse, baƙar laka kuma ta riƙe mota ko da mai giyar ƙafa huɗu ce. Idan wurin gandun daji ne, ka karɓi izini, ka ɗauki ɗan jagora daga ma'aikatan gandun, ka bar wa wani sunan hanyar da za ka bi da ranar dawowarka. Sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a can.

Mota biyu sun fi ɗaya, ko da ɗayar sabuwa ce. Ruwan sha lita 5 ga kowane mutum a rana, da ƙarin na kwana biyu, a raba shi jarkoki da yawa don idan guda ta fashe kada a rasa duka. Yashi yana shan mai sosai, kada ka yi lissafi da na kwalta. Sai safaya biyu, shebur, igiyar jan mota, jak da katako mai faɗi da zai zauna a kai, famfon iska da ma'aunin iskar taya.

Maƙetara ce inda akasarin matafiya ke kwana ba su shirya ba. Kafin ka shiga, sauka ka taka ta da ƙafa, bayan ka duba cewa babu dabba a kusa. Saman yashi yakan yi ɓawo mai tauri, ƙasansa kuwa jiƙaƙƙe ne yana lumewa. Inda ya yi duhu ko yake motsi ƙarƙashin sawunka, kauce masa. Rage iskar tayoyi zuwa wajen bar 1.2 zuwa 1.5 a ma'aunin iskar taya, don tayar ta baje ta hau yashin maimakon ta yanka shi. Sa ƙaramar giya tun daga gaɓa, ka tafi da gudu ɗaya, ba canjin giya, ba karya kan mota da ƙarfi, domin tayar da aka rage wa iska tana iya zamewa daga rim. Idan motar ta tsaya, ɗaga ƙafarka nan take. Ƙara wuta rami kawai yake tonawa har cikin motar ya zauna. Kwashe yashin gaban kowace taya, ka shimfiɗa rassa, ka gwada komawa baya kan sawunka. Da ka fita, mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe.

Kada ka kafa tanti a cikin kogin, duk da laushin yashinsa da sanyin inuwarsa. Ruwan da aka yi a tuddai masu nisan kilomita da yawa yana iya isowa cikin dare alhali samanka tarwai da taurari. Yakan zo da ƙugi, yana turo kumfa da itatuwa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babba, santimita 60 kuwa yana tafiya da mota. Dubi tarkacen ciyawa da ambaliyar bara ta maƙala a rassan bishiyoyi, ka hau sama da nan. Ka kuma nisanci turbar da dabbobi suka tattake zuwa ruwa, da gindin gawo mai zubar da 'ya'ya, domin giwa za ta zo cinsu da dare. Abinci a kulle cikin mota saboda kura da gwaggon biri. A zuge tanti, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, a riƙe tocila saboda macijiya kasa, wadda ba ta gudu idan ta ji tafiya.

Kallon kansa aikin zama ne, ba yawo ba. Da sassafe bi gaɓa ka karanta yashi: sawu mai kaifin baki na daren jiya ne, wanda iska ta goge ya kwana biyu. Nemi rijiyoyin da giwa ta tona da ƙafa da haure da hanci, galibi a lanƙwasar kogi ko gaban dutsen da ya tare ruwan ƙasa. Idan ta gama sha, gwanki, gadu, birai da zabi su ke biyo baya, zaki ma ya san da haka. Zauna a saman gaɓa, rana a bayanka, iska na bugun fuskarka. Watsa ɗan toka ko ƙura ka ga inda ta nufa. Awa biyun farko na safiya da biyun ƙarshe na yamma su ne lokacin. Kayan sawa masu launin ƙasa, ban da shuɗi da baƙi, don su ke jawo tsando.

Tsakaninka da giwa a bar aƙalla mita 50, motar kuma ta fuskanci mafita. Namijin da ruwa ke zuba daga gefen kansa, fitsari na ɗiga a ƙafafunsa, a ba shi fili fiye da haka. Dorina takan fita kiwo da dare ta dawo da asuba, kuma mafi munin wurin tsayuwa shi ne tsakaninta da gurbinta. Tsohon ɓauna kan kwanta shi kaɗai cikin duhuwar gaɓa. Gurbi komai ƙanƙantarsa ka ɗauka akwai kada a ciki, ka tsaya mita biyar daga bakinsa.

Wanka a ruwan da ya kwanta hanya ce ta kamuwa da tsargiya. Idan ruwanka ya ƙare, tona rami a yashi nesa da inda dabbobi ke sha, ka kwashe ruwan farko mai laka, ka bari ya sake taruwa, ka tace da ƙyalle, sannan ka tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka.