Yadda na samo takardar hukunci a kotun jiha a Amurka

Kwana biyu na yi ina laluben wani hukunci a PACER, wato shafin intanet na neman takardun kotu a Amurka, har na fara zaton an goge shi. Ashe PACER na kotunan tarayya ne kaɗai. Shari'ar saki, rikicin haya, gado da galibin manyan laifuffuka a kotunan jihohi ake yin su, kuma kowace jiha da nata tsarin.

Abin da ya warware mini shi ne gano gundumar da aka shigar da ƙarar, domin ofishin magatakardan kotun can ne ke riƙe da fayil. Na shiga shafinsu na sa suna, sai ga mutum huɗu masu suna ɗaya. Shekarar shigar da ƙara ce ta raba gardama, na samu lambar shari'a. Wannan lamba ita ce mabuɗi, a rubuta ta a ajiye.

Shafin bai nuna mini komai ba sai jerin ranakun zama. Na kira ofishin na faɗi lambar, na biya kuɗin kwafi mai hatimi, aka aiko ta gidan waya. Fayilolin shari'ar yara da na ɗaukar riƙon yaro kuwa galibi a rufe suke, sai da izinin alƙali.