Yadda za ka sayi tsohon shayin Pu'er a gwanjo ba tare da an sayar maka da takarda ba

Duk wanda yake zuwa Guangzhou saro kaya, in ya taɓa leƙa kasuwar shayi ta Fangcun zai ga shaguna maƙil da wani shayi da aka danne kamar faifai aka naɗe da takarda, to shi ne Pu'er, daga lardin Yunnan yake fitowa. Mu mun saba ganyen shayi in ya daɗe ya sha iska sai dai a zubar, wannan kuwa daɗewar ce kuɗinsa, har manyan gidajen gwanjo irin su China Guardian da Poly da Sotheby's na Hong Kong suna sa shi a kasuwa kamar agogo ko tsohon zane. 'Yan'uwa suna yawan tambayata ta ina ake farawa, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Da farko ka san kala biyu ne. Akwai sheng, ɗanye kenan, shi ne yake nuna da kansa a hankali cikin shekaru kuma shi masu tarawa suke bi. Akwai kuma shou wanda ake jiƙa ganyen a tara shi tsibi ya nuna cikin 'yan makonni, dabarar da aka fara a Kunming a 1973. Ka riƙe shekarar nan da kyau, domin duk wanda ya ce maka ga shou na 1950 ka san zancen bai tsaya ba. Faifai ɗaya yawanci giram 357 ne, bakwai ake haɗawa a ɗaure da ɓawon gora, kuma cikakken ɗauri da ba a taɓa kwancewa ba ya fi tsada kan bakwai warwatse.

Sai lambobin nan guda huɗu da suke rikita mutane, misali 7542. Biyun farko shekarar da aka tsara haɗin ce wato 1975, ta uku darajar ganye, ta ƙarshe kamfani: 1 Kunming, 2 Menghai, 3 Xiaguan. Kaga kenan 7542 ba ya nufin an yi faifan a 1975, har gobe Menghai suna buga shi. In ka ga ƙarin lamba kamar 901, wannan zubin farko ne na 2009, 9 ɗin shekara ce, 01 kuma lambar zubi. Su kuwa tsofaffin da yawansu babu kwanan wata a jiki sam, takarda ce kawai mai tambarin jajayen haruffa takwas da suka kewaye kalmar shayi a tsakiya, kuma buga irin takardar nan ba wuya, nan ne jabu ya samu wurin zama. Akwai wata 'yar takarda da ake dannewa cikin ganyen tun wurin haɗi, neifei suke ce mata, ka nemi hotonta ka ga ta nutse cikin ganye ko liƙa ta aka yi daga baya.

To amma abin da ni na fi damuwa da shi, wanda kuma sababbin shiga ba sa tambaya, shi ne ina shayin nan ya kwana duk shekarun nan. Faifai biyu daga zubi ɗaya, ɗaya ya zauna a Hong Kong cikin laima ɗaya a Kunming inda iska ta bushe, wallahi in ka sha su za ka rantse ba uwa ɗaya ta haife su ba, na laima ya yi duhu ya yi laushi da ƙamshin ƙasa, na busasshen wuri kuma yana nan da sauran ɗacinsa da ƙamshin ganye. Kowanne da masoyansa. Wanda ake gudu shi ne wanda laima ta yi wa yawa har fumfuna ta kama, kore ko baƙa, yana warin ɗakin da aka rufe duk damina. Ni kaina na taɓa sayen faifai a hannun wani mai shago, takarda tsaf, lamba daidai, ban nemi a dafa min ba saboda sauri, da na iso gida na zuba ruwa warin da ya taso ya cika ɗaki, ruwan kuma gurɓatacce yana kartar maƙogwaro. Kuɗina sun tafi kuma abin ya daɗe yana cina a rai.

Don haka kafin ranar gwanjo ka rubuta musu ka nemi rahoton yanayin kaya da hotunan gaba da baya, da nauyinsa na yanzu, tsohon faifai yakan ɗan rage nauyi saboda karyewar gefe da bushewa. Ka tambayi daga hannun wa ya fito. In suna da ranar baje kaya ka je da kanka ko ka tura wanda ya san harkar ya sansana. In an samu damar ɗanɗanawa, a wanke ganyen da tafasasshen ruwa a zubar da na farko, sannan a sha ba sukari ba madara, ka duba ko ruwan ya fito garau.

Shiga gwanjon kansa ba wuya. Za ka yi rajista da fasfo, sau da yawa su karɓi kafin alƙalami, su ba ka lamba. Kuɗin da ka gani a littafin kaya ƙiyasi ne kawai, kuma akwai farashin da mai kaya ya ɓoye wanda in tayi bai kai shi ba albarka kenan, kaya ya koma. Abin da ke kayar da mutane la'ada ce: in gudumar mai gwanjo ta faɗi a kan 10,000, wato an sallama maka, kuma la'adar gidan kashi 20 cikin 100 ce, 12,000 za ka biya, ba a sa kuɗin aike da na kwastam da canjin dala ba tukuna. Ka zauna da biro ka fitar da iyakarka tun a gida, ka cire waɗannan duka, abin da ya rage shi ne tayinka na ƙarshe. Ni na fi son in bar musu tayi a rubuce su taya a madadina, domin in kana ciki ana ɗaga hannu zuciya takan ɗebi mutum, kuma guduma in ta faɗi babu fasawa. Kar kuma ka sa jarin shagonka da tunanin riba, a 2007 farashin Pu'er ya yi sama sannan ya rikito, mutane da yawa a Caina suka tafka asara.

In kaya ya iso gida, Alhaji, ka nisanta shi da turaren wuta da kicin da daddawa domin ganyen nan zuƙe wari yake kamar soso. Kar a sa a firij, kar rana ta taɓa shi. Hunturunmu yana busar da shi har ƙamshin ya mutu, sai ka rufe shi cikin kwali ko tukunyar ƙasa mai murfi wadda ba a taɓa zuba komai ciki ba, da damina kuma ka ɗaga shi daga ƙasa, ka riƙa buɗewa kana dubawa duk bayan mako biyu.