Darasi na Tara: Yadda Aka Sa Wa Sarki Linzami

A rediyon Umdurman, nan Sudan, kuna yawan jin kalmar Larabci "dustur". Da Hausa shi ne kundin tsarin mulki, takardar da ke nuna wa mai mulki iyakar gonarsa. Yau za mu karanta yadda mutanen Ingila suka shata wa sarkinsu wannan iyaka.

Sunan sarkin Jon. A 1204 Faransa ta ƙwace masa yankin Normandi, shi kuma ya ƙi haƙura. Sai haraji a kan haraji don neman kuɗin yaƙi. Magaji ba ya cin gadon ubansa sai ya biya kuɗi mai tsoka, matar da mijinta ya rasu kuma sai ta biya kafin a fasa yi mata auren dole. A 1214 yaƙin ya sake kwaɓe masa. Tura ta kai bango, hakimansa suka yi tawaye, suka kama birnin Landan. A watan Yunin 1215, a wata fadama mai suna Ranimid, bakin kogin Tems, ya amince da takardar da ake kira Magna Karta, aka buga mata hatiminsa.

Ku karanta wannan a hankali, kowa da yatsansa a kan layi: ba a kama ɗa, wato mutum mai 'yanci, ba a ɗaure shi, ba a ƙwace dukiyarsa, sai da hukuncin tsararsa ko dokar ƙasa. Sarki ba zai sayar da adalci ba, ba zai jinkirta shi ba.

Da muka zo nan a ajinmu na Maiurno, wani dattijo ya cire tabarau ya ce, "Malam, shi mai riƙe da fartanya fa?" Na ce, "Baba, ka taɓo inda ke ciwo." Yawancin manoman wancan zamani ba a lissafa su cikin masu 'yanci ba. Hakimai kansu suka fara yi wa gata.

Takardar ma ba ta yi wata uku ba Fafaroma ya soke ta. Jon ya mutu a 1216. Ɗansa Henri ya sabunta ta a 1225, ba don Allah ba, sai don a yarda ya karɓi haraji. A ganina linzamin na gaskiya ke nan: bakin aljihu.

Rigimar ta ja ɗaruruwan shekaru. A 1649 har aka fille kan Sarki Cals na ɗaya. A 1689 majalisa ta kafa doka: sarki ba ya dakatar da doka, ba ya aza haraji, ba ya ajiye sojoji lokacin zaman lafiya, sai da yardarta.

Aikin gida: nemo rasit ɗin kuɗin da ka biya ranar da ka kai riɗi ko dawa kasuwa. Kwafe kwanan wata, yawan kuɗin, da sunan hukumar da ke jikin hatimin. Idan babu hatimi, zo da shi aji haka nan.