Kafin ki karɓi riƙon ɗan wani a Ingila

Assalamu alaikum. Shekarata 16 a Manchesta. Lokacin da muka zo, sai mu yi wata guda ban ji an gaishe ni da Hausa a titi ba. Yanzu kuwa ranar Sallah sai mun kama babban zaure, kuma ba a taɓa kwantar da ɗan'uwa a asibiti an rasa mai kai masa kunu ba. Ina alfahari da jama'armu. Amma sau uku a bana ana tada ni daga barci kan maganar yaro da hukuma, kuma duk ukun kuskure ɗaya ne, wanda ni ma na taɓa yi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, musamman saboda ƙannena da suka zo karatu ko aikin kula da tsofaffi da yara biyu ko uku a hannu.

Abubuwan da ake yi a farkon zuwa ba su da wuya. Ku yi wa yara rajista da likitan unguwa, ku nema musu makaranta ta hannun kansul, wato ƙaramar hukumar yankinku, duk kyauta ne. Karatu dole ne daga shekara 5 zuwa 16, kuma idan kuka cire yaro ana tsakiyar zango don bikin ƙanwarku a Zariya, tarar fam 80 na iya biyo baya, ta koma 160 idan aka yi jinkirin biya. Dukan yaro kuwa ku ajiye shi gaba ɗaya. Sikotland ta haramta shi a 2020, Wales a 2022, a Ingila ma da zarar ya bar tabo ko an yi shi da bulala ko waya, magana ta tashi daga tarbiyya ta koma laifi. Masu aikin dare, kada ku kulle ƙananan yara a gida ku tafi. Doka ba ta yanke shekara ba, amma barin yaro cikin hatsari laifi ne, kuma ƙungiyar kare yara ta NSPCC ta ce kada ɗan ƙasa da 16 ya kwana shi kaɗai. Ku yi karɓa-karɓa da maƙwabciya, haka muka yi.

Maganar da ta kawo ni ita ce riƙo.

A gida, wa yake tambayar izini kafin ya riƙe ɗan ɗan'uwansa? Ni kaina a hannun gwaggona na tashi. To a nan, idan yaro ɗan ƙasa da shekara 16, ko 18 in yana da naƙasa, zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba danginsa na kusa ba, dole ne a sanar da kansul. Ana so a faɗa tun saura mako 6, idan kuma abin ya zo ba shiri, a faɗa nan take. Inda muke faɗawa rami shi ne kalmar "na kusa". A lissafinsu kakanni ne, da yayye da ƙannen yaron, da waɗanda suke ciki ɗaya ko uba ɗaya da iyayensa tare da mazansu ko matansu na aure, da mijin uwa ko matar uba. Shi ke nan. 'Yar kawunki da kuka tashi ɗaki ɗaya, kike ce mata yaya, ɗanta ba ya cikin wannan lissafi. Ɗan aminiya ma haka, ɗan limamin garinku ma haka.

Ban san wannan ba lokacin da 'yar kawuna ta bar mini 'yarta mai shekara 13. Tana karatu a wani gari mai nisa, tana aikin dare, ɗaki ɗaya take haya. Na ce kawo ta, ai 'yata ce. Na sa ta a makaranta, a takarda na rubuta cewa ni uwarta ce, domin Umma take ce mini kuma ban ɗauki hakan ƙarya ba. Wata biyar tana gidana.

Wata Laraba a watan Nuwamba, lokacin da duhu yake shiga tun kafin ƙarfe 5, ba ta dawo daga makaranta ba. Wayarta a kashe. Na kira iyayen ƙawayenta, na kira matan Islamiyya, maigidana ya zaga unguwa da mota sau uku. 'Yan sanda ne kawai ban kira ba. Na ji ana cewa sai mutum ya yi awa 24 kafin su saurare ka, ina tsoron a taɓa mana takardun zama, kuma in faɗi gaskiya ina jin kunyar a ce 'yar da aka ba ni amana ta kwana a waje. Sai wajen ƙarfe 11 wata dattijuwa 'yar Gana, ma'aikaciyar jinya, ta shigo ta same ni ina kuka. Ta ce, "Hajiya, me kike jira?" Ta ɗauki wayata ta danna 999 ta miƙo mini.

Ba wanda ya nemi fasfo kafin a fara nemanta. Hoto suka tambaya, da kayan da ta sa, da lambar wayarta, da sunan da take amfani da shi a Snapchat, wanda ban ma san tana da shi ba. Sai ɗaya daga cikinsu ta ce mene ne tsakanina da ita. Na ce 'yata ce. Ta ce ni na haife ta? A nan bakina ya mutu. Cikin dare 'yan sandan jirgin ƙasa suka same ta a tashar wani gari, ita kaɗai a kan benci. Wani babban mutum da ya ce mata shi ɗan shekara 16 ne ya yi makonni yana hira da ita, ya gane kewar mahaifiyarta take yi, ya saya mata tikiti, ya ce zai kai ta. Allah ne Ya tsare, bai iso ba kafin a gan ta. Awa shida na zauna ina tsare mutuncina, ita kuma tana can. Har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Maganar awa 24 ɗin nan ƙarya ce, ku goge ta daga ranku. Yaro ya wuce lokacin dawowarsa kuma kun rasa inda yake, ku kira 999. Akwai kuma 116 000, layin ƙungiyar Missing People, kyauta ne, iyaye na iya kira, yaron da ya gudu ma yana iya kira. Ku koya wa yaranku lambar Childline, layin taimakon yara, 0800 1111. Neman da jama'a ke yi ta WhatsApp yana da amfani, amma bayan an kira hukuma, domin su ne ke iya duba kyamarar tasha da bin sawun waya.

Washegari 'yan soshiyal, wato ma'aikatan kansul masu kula da walwalar yara, suka zo. Watanni aka yi ana zuwa. Sun yi magana da yarinyar ita kaɗai, sun duba inda take kwana, sun binciki tarihina da na maigida da duk baligin da ke gidan, sun kira mahaifiyarta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne layin nan da na rubuta a takardar makaranta. Duk abin da na faɗa sai an sake tabbatarwa, saboda an riga an same ni da magana biyu. Da na sanar tun farko, ziyara ce kawai duk mako 6 a shekarar farko, daga nan duk mako 12, kuma da akwai wadda za ta riƙa zama da yarinyar ta ji damuwarta. Ni ina ta fama da abinci da kayan makaranta, ban taɓa tambayarta ko tana kewar gida ba.

Da farko na yi fushi, na ce an mai da zumunci laifi. Sai da na san labarin Victoria Climbié na sauko. Yarinya ce 'yar Kwaddibuwa da iyayenta suka damƙa wa wata 'yar'uwarsu don ta yi karatu a Turai, irin abin da kowace uwa a cikinmu za ta iya yi da zuciya ɗaya. Matar ta riƙa gabatar da ita a matsayin 'yarta. A watan Fabrairun 2000 ta rasu a Landan tana shekara 8, da raunuka 128 a jikinta, a hannun matar nan da saurayinta. Asibitoci sun gan ta, 'yan sanda sun san da ita, 'yan soshiyal ma haka, amma kowa ya riƙe nasa guntun bayanin. Binciken da Lord Laming ya jagoranta kan mutuwarta ya fito a 2003, dokar yara ta 2004 ta biyo baya, ta wajabta wa hukumomin nan su yi aiki tare. Shi ya sa yanzu abin da malamar aji ta lura da shi, da abin da likita ya gani, da rahoton 'yan sanda, duk suna haɗuwa a tebur guda. Wannan haɗuwar da muke tsoro ita ce ta sa aka gano 'yata cikin 'yan awanni.

Ba na cewa 'yan soshiyal ba sa kuskure. Suna yi, kuma wasunsu ba su san komai game da yadda muke rayuwa ba. Idan sun ƙwanƙwasa, ku buɗe, kada ku ɓoye yaro, kada ku koya masa abin da zai ce. Ku nemi tafinta in Turancin bai zauna ba, kada kunya ta hana. Kada ku sa hannu a takardar da ba ku gane ba, musamman ta sashe na 20 na dokar yara ta 1989, wadda ke nufin kun yarda da kanku a ajiye yaron a wani wuri. 'Yan sanda suna iya ɗauke yaro na awa 72 idan yana cikin hatsari, bayan haka sai da umarnin kotu ko yardarku, kuma idan magana ta kai ga kansul ta nemi kotu ta karɓe yaro, lauyan iyaye kyauta ne. Akwai ƙungiyar AFRUCA da wata 'yar Najeriya, Debbie Ariyo, ta kafa a 2001, aikinta ke nan tsakanin iyalan Afirka da hukuma.

Abin da ba na iya haƙuri da shi kuwa shi ne masu cewa za su ɗauko yarinya daga ƙauye ta zo ta "taya aiki", a sa ta a fasfo a matsayin 'ya. Yarinyar da ba ta zuwa makaranta, tana raino da wanke-wanke, a dokar hana bauta ta 2015 bauta ce da safarar mutane, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Ko babu doka ma zalunci ne. Masu samari kuma ku sa ido. Yaro ɗan 13 ko 14 ya shigo da sabon takalmi mai tsada da waya ta biyu, yana yawan hawa jirgi zuwa garuruwan da ba ku da kowa, to masu ƙwaya ne ke aikensa. Idan kun kai rahoto da wuri, akwai hanyar da hukuma ke bi ta ɗauke shi a matsayin wanda aka cuta.

Yarinyar ta ƙarasa shekarar a gidana, da sanin kansul, sannan ta koma wajen mahaifiyarta. Idan yau akwai ɗan wani a gidanki da ya kusa kwana 28 ko ya wuce, ki nemo lambar sashen yara na kansul ɗinku, ki kira da safe ki ce kina riƙon yaron da ba ke kika haifa ba. Ki tanadi sunan iyayensa da adireshinsu da ranar da ya zo, ki kuma je makaranta ki gyara abin da kika rubuta.