Yadda zaka hana darbil zamewa a kan saktun mai ƙarfi

Duk wanda yake riƙe da bindigar iska mai sifirin, wadda muke ce ma saktun a nan Saudiyya, musamman manyan nan irin Diana 350 Magnum ko Hatsan 125, ya san wannan ciwon kai. Ka ɗora darbil, wato madubin hangen nesa da ake saiti da shi, ka ɓata yammaci guda kana saiti har dalma, wato harsashinta, ta riƙa faɗawa wuri ɗaya, bayan kwana biyu ka fita barr, wato daji, da abokai sai kaga harbin ya tafi wani wuri daban. Ni abin ya same ni a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, ta wajen Usfan kusa da Jidda, ina ta murɗa saiti sama da ƙasa, sai wani dattijo da muke tare ya karɓi bindigar ya juya ta ya ce "ɗana duba nan", ya nuna min wani farin layi a saman ƙarfen inda mazaunin darbil ɗin ya kankare baƙin fenti yana ja da baya, tsawonsa ya kai faɗin farce. Wallahi raina ya ɓaci ranar, don bindigar bata fi wata biyu a hannuna ba.

Abin da mutane da yawa basu gane ba shine bindigar sifirin bugu biyu take yi. Idan ka ja kunama fistin yana tashi gaba da gudu, bindigar ta ɗan turo kafaɗarka, sannan fistin ɗin ya je ya daki ƙarshen ɗakinsa sai ta fizga gaba da ƙarfi. Wannan fizga ta biyun ita ce matsalar, bindiga ta yi gaba darbil kuma nauyinsa ya riƙe shi a inda yake, shi yasa kullum baya yake tafiya, kaɗan kaɗan kamar tafiyar hawainiya. Saboda haka ƙara matse noti kawai baya magani, sai dai ka cinye kan notin ko ka lotsa bututun darbil. Ƙarfe mai tsafta ake buƙata da kuma abin da zai tokare.

Kafin komai ka tabbatar bindigar ba a ɗane take ba kuma babu dalma a ciki.

Da farko gano me yake motsi, don abu uku ne suke iya kawo wannan. Ka ɗauki fensir ka ja layi a kan ƙarfen bindigar daidai bayan mazaunin, wanda larabawa ke ce ma ga'ida, sannan ka ja wani a jikin darbil daidai bakin zoben da ya riƙe shi. In fensir baya fitowa manna ɗan salatif na takarda. Yi harbi ashirin ko talatin ka duba. In layin ƙasa ya ɓace mazauni ne ke tafiya, in na sama ne ya matsa to darbil ne ke sulɓewa cikin zobba. In kuma duk suna nan amma harbi na watsewa, je ka taɓa notunan da suka haɗa ƙarfe da katako, biyu a gaba da na wajen kunama, sau da yawa sune suke kwancewa mutum yana ta zargin darbil.

Daga nan kwance komai ka wanke. A nan zan tsaya sosai don nan ne yawancinmu muke sakaci. Sabuwar bindiga tana zuwa da mai a jikinta don kar ta yi tsatsa, mazauni ma haka, har notuna, mu kuma na Jidda saboda danshin teku kullum muna shafe ƙarfe da mai, man nan kuwa yana gangarawa cikin tsagar nan biyu da mazauni yake kamawa, ga ƙura ta haɗu da shi ta zama kamar kunu. Sayi auduga mai sifirit a saidaliyya, wato kantin magani, irin wadda ake gogewa kafin allura, ka naɗa ta a tsinken sakace ka bi cikin tsagar daga farko har ƙarshe. Ta farko zata fito baƙi ƙirin, ci gaba har sai ta fito fara. Ka goge haƙoran mazaunin, ka goge cikin zobba, ka goge bututun darbil, notuna ma ka jiƙa su ka bari su bushe. Bayan haka kar ka sake taɓa wuraren da yatsa mai gumi.

Yanzu duba ko mazaunin ma na bindigarka ne. Yawancin saktun tsagarsu milimita 11 ce, akwai kuma mazauni na inci 3/8 da ake yi wa ƙananan bindigogin Amurka, a ido kamar ɗaya suke amma haƙorin baya zama daidai. Wasu kuma farantin gefen juyawa ake yi, in ka sa shi a kife zaka ga ya karkace yana kama da baki kawai. Zobe ma kala biyu ne, inci 1 da milimita 30, ka dace da bututunka. Shawarata ga mai bindiga mai ƙarfi ya sayi mazauni ɗan gaba ɗaya, dogo, mai noti uku ko huɗu a gefe da noti huɗu a kan kowane zobe. Masu ƙafa biyu daban daban da ake bayarwa kyauta a kwalin darbil mai araha basa jure Magnum, gaskiya kenan. Sportsmatch na Ingila da UTG da BKL duk suna yin masu kyau.

Sai maganar tokari. Leƙa saman bindigar ta baya, in Weihrauch ce kamar HW80 zaka ga ramuka uku a jere, wasu kamfanonin rami ɗaya suke yi, wasu kuma ɗan faranti suke ɗaurewa da noti a ƙarshen tsagar. A ƙasan mazauni mai kyau akwai ɗan ƙusa da ake murɗowa ƙasa da alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan na murɗa noti. Zaɓi ramin da ya baka tazarar ido daidai, ka sauko da ƙusan ya shiga, amma kar ka murɗa har ya daki ƙasan ramin ya ɗaga mazaunin sama, in ya taɓa ka mayar da shi rabin zagaye. Sannan kafin ka matse gefe, tura mazaunin baya da hannu har kaji ƙusan ya jingina da bangon ramin na baya. Wannan turawar ita ce sirrin, in ka bar tazara duk harbi sai ya daki bangon har ramin ya zama kamar ƙwai ko ƙusan ya karye. In mai ƙafa biyu ne, mai ƙusan ita ce ta baya. In babu rami sam, sayi ɗan tokarin da ake matsewa a tsagar ka manna shi a bayan mazauni, in faranti ne kuma jingina da shi kawai.

Wajen matsewa ɗiga gam ɗin noti na Loctite shuɗi, mai lamba 243, ɗigo ɗaya a zaren kowane notin gefe. Jan Loctite kam kar ka kusance shi, sai da wuta yake kwancewa. Matse notunan bi da bi kaɗan kaɗan, kar ka gama da ɗaya kafin ka taɓa na kusa.

Darbil kuma ka kwantar da shi cikin zobba, in babu ɗan kyallen nan mai kamawa a ciki sa siririn salatif mai gam fuska biyu a rabin zoben na ƙasa. Ɗaga bindigar a kafaɗa ka gyara tazarar ido da miƙewar giciyen da kake gani cikin darbil, sannan ka matse murfin a gicciye, na gaba dama sai na baya hagu, kana duba tazarar gefe biyu ta zama daidai. A nan ba a son ƙarfi, wajen 2 Nm a ma'aunin ƙarfin matse noti ya isa sai in kamfanin ya faɗi wani abu daban. In baka da ma'auni, sa doguwar ƙafar alanki cikin notin ka riƙe gajeriyar da yatsu biyu, inda yatsun suka gaza nan ne iyaka. Kuma dan Allah a rage son ƙaton darbil, 6-24x50 a kan Magnum nauyinsa kaɗai ya isa ya ja shi, 3-9x40 ko 4x32 wanda aka rubuta yana jure bindigar sifirin ya wadatar da nisan da saktun ke kaiwa.

Ka bar ta awa 24 gam ɗin ya kama, kar ka yi gaggawa, kuma ba a cikin mota a rana ba. Washegari sake jan layukan fensir ɗinka, ka je inda doka ta yarda da lasisinka a hannu, ka yi harbi hamsin a takarda daga mita 20, ko da yaushe da dalma a ciki don harbin wofi yana lalata fistin. Duba layi, taɓa notuna, in komai na nan sai ka yi saitinka na gaske. Ni tawa layin fensir ɗin yana nan har yau ban goge ba, duk fita sai na kalle shi kafin na sa dalmar farko.